Ƙaramin Rumbun Bayanai na Cikin Gida da Amfaninsa a Gyallesu

Unguwar Gyallesu, da ke yankin Tudun Wadan Zariya, tana maƙwabtaka da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake koyar da shari'a da harkokin mulki, da kuma tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da aka fi sani da FCE, wadda yanzu ta zama jami'a, saboda haka da wuya a rasa ɗalibi ko malami a yawancin gidajenta. Dukiyar da irin waɗannan gidaje suke tarawa a yau ta haɗa da littattafan karatu da aka ɗauka a hoto, da kundayen binciken kammala digiri, da tafsirin watan azumi da aka naɗa, da hotunan biki da na suna, kuma kusan dukkansu suna zaune ne a cikin wayoyi da memori da filash, waɗanda sata ko faɗuwa cikin ruwa kan tafi da su a rana guda. Akwai wata 'yar na'ura da aka ƙera domin toshe wannan ɓaraka, wadda masu sana'ar kwamfuta suke kira NAS, wato ma'ajiyar bayanai da ake jonawa da hanyar sadarwa ta cikin gida.

Na'urar kwamfuta ce ƙarama wadda ba ta da allo, ba ta da madannai, an ɗaura mata faifan ajiya ɗaya ko biyu, sannan an haɗa ta da rauta, wato akwatin da yake raba Wi-Fi a cikin gida. Duk wayar da ta hau wannan Wi-Fi tana iya ajiye fayil a cikinta ko ta ɗauko, ba tare da an taɓa data ba, domin bayanan ba sa fita daga gidan balle su bi ta kamfanin sadarwa. Idan aka ƙara mata wasu ayyuka a kan ajiyar, sai ta koma abin da ake kira uwar garke, ma'ana kwamfutar da take yi wa sauran na'urori hidima dare da rana.

Al'adar buɗe cikin irin wannan na'ura a sauya mata aiki ta yi ƙarfi ne tun shekarar 2004, lokacin da kamfanin Linksys na Amurka ya fitar da NSLU2, wadda girmanta bai wuce na ƙaramin littafi ba, tana da ƙwaƙwalwar aiki ta megabayit 32 kacal da kafofin USB guda biyu. Da yake an gina ta a kan manhajar Linux, wadda lasisinta na GPL ya wajabta wa duk mai sayar da ita ya bayyana asalin rubutunta, sai masu sha'awar kwamfuta suka samar mata da sababbin manhajoji irin su Unslung da SlugOS, daga bisani ma suka ɗora mata Debian sukutum, ta yadda akwatin da aka yi domin ajiya kawai ya riƙa aika wasiƙu da buga takardu da raba waƙoƙi. Sun kuma gano cewa an rage wa rukunin farko gudu zuwa megahaz 133, alhali ƙwaƙwalwarsa ta Intel tana iya 266, kuma cire wani ɗan ƙanƙanin ƙarfe daga allon cikinsa yana maido masa da cikakken ƙarfinsa. An daina ƙera NSLU2 a 2008, amma ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a Ingila a watan Fabrairun 2012 a kan dala 35, ta gaji wannan gurbi, musamman samfuri na huɗu na 2019 da ya zo da kafofin USB masu sauri. Manhajar OpenMediaVault, wadda kyauta ce, tana mayar da ita rumbun bayanai da ake sarrafawa daga burauzar waya, yayin da Samba, wadda Andrew Tridgell ya fara rubutawa a Ostireliya a farkon shekarun 1990, take ba kwamfutocin Windows damar ganin rumbun tamkar faifan cikinsu.

A Turai da Amurka, ƙarancin cin wutar wannan na'ura batu ne na rage kuɗin lantarki, amma a Gyallesu shi ne ginshiƙin maganar baki ɗaya, domin abin tambaya a nan shi ne ko na'urar za ta ci gaba da aiki bayan an ɗauke wuta. Raspberry Pi tare da ƙaramin faifai da rauta ba su cika wuce wat 10 zuwa 15 ba, wato kwatankwacin ƙwan lantarki ɗaya na zamani. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin wanda ake haɗawa da sola a gidaje da shaguna, yana ɗauke da kimanin wat 1,200 na awa guda, kuma idan aka tsaya a kan rabinsa domin kada ya mutu da wuri, zai riƙe na'ura mai cin wat 10 har awa 60, alhali tsohuwar kwamfutar tebur mai cin wat 100 za ta shanye shi cikin awa 6. Wannan lissafi ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da suka ga duhun watan Oktoban 2024, sa'ad da lalacewar manyan layukan da suke kawo wuta Arewa ta bar jihohi da dama fiye da mako guda babu lantarki. Ya fi dacewa ma a ciyar da na'urar kai tsaye daga batir ta hanyar ɗan abin da yake sauke bolt 12 zuwa 5, domin inbata tana cin nata kason wutar ko da ba ta ɗauke da kaya mai nauyi.

Fa'idar da ta fi dacewa da unguwar ɗalibai ita ce mayar da rumbun ɗakin karatu wanda ba ya bukatar intanet, kuma tushen wannan tunani yana da alaƙa da Nijeriya. Cliff Missen na Jami'ar Iowa, bayan ya koyar a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990 ya ga yadda tsada da rashin saurin intanet suke hana bincike, ya jagoranci samar da eGranary, faifai guda da aka cika da miliyoyin takardun ilimi ana kai shi makarantu. Manhajar Kiwix, wadda ta fito a 2007, tana yin irin wannan aiki a yau kyauta, domin tana dunƙule Wikipedia ta kowane harshe, har da ta Hausa, cikin fayil ɗaya da kowa a gidan zai iya karantawa daga wayarsa. Mutum ɗaya ne zai sayi data ya sauke littafi ko lacca, sauran mutanen gidan da abokan karatu su ɗauka kyauta, abin da ya ƙara daraja tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Haka nan rumbun ba ruwansa da katsewar sadarwa, irin wadda aka gani a 2021 lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Jihar Kaduna, ko a watan Maris na 2024 da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma.

Sai dai yanayin Zariya yana da nasa sharuɗɗan. Zafin bazara na watannin Maris da Afrilu yana gajarta rayuwar faifai, ƙurar hunturu tana toshe kafofin shan iska, don haka wajibi ne a ajiye na'urar a inuwa, nesa da rufin kwano, a riƙa kakkaɓe ta. Ɗaukewar wuta ba zato ita ce babbar abokiyar gaba, domin idan ta zo daidai lokacin da ake rubutu a katin memorin da manhajar take zaune a kai, katin yakan lalace na'urar ta ƙi tashi, shi ya sa masu gogewa suke mayar da manhajar kan faifan SSD, wanda ba shi da abin da yake juyawa a cikinsa, kuma ya fi faifai mai juyawa jure girgiza.

Kuskuren da ya fi cutar da masu farawa shi ne ɗaukar rumbun a matsayin wurin da abu ba ya ɓacewa. Kowane faifai yana da ranar mutuwa, kuma tsarin RAID, wanda yake rubuta abu ɗaya a faifai biyu lokaci guda, yana kare mutum ne daga mutuwar faifai ɗaya kawai, domin fayil ɗin da aka goge bisa kuskure yana gogewa a duka biyun, gobara ko ɓarawo kuwa ba sa barin ɗaya. Ƙa'idar da masana suka daɗe a kanta ita ce a mallaki kwafi uku na duk abu mai muhimmanci, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wajen gidan, wanda a aikace yana nufin faifai na dabam da za a riƙa cikawa duk wata ana kai shi gidan wani ɗan'uwa a cikin Birni ko Sabon Gari.

Buɗe rumbun ga intanet domin a isa gare shi daga makaranta ko kasuwa abu ne mai jan hankali, amma yana da hatsarin da aka riga aka gani, domin a watan Yunin 2021 wasu maɓarnata sun goge bayanan masu amfani da My Book Live na kamfanin Western Digital daga nesa, na'urar da aka daina sabunta manhajarta tun 2015. Wanda yake bukatar shiga daga waje ya yi amfani da rufaffiyar hanya irin ta WireGuard, wadda ba ta buɗewa sai ga na'urar da aka ba mabuɗi, ya kuma sauya kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita tun ranar farko. A cikin gidan ma ya kamata kowa ya sami nasa asusun, a ware ma'ajiyar littattafai da kowa zai shiga daga ta hotunan iyali, domin a gidan da ake zama da 'yan haya da baƙi, hotunan matan gida ba abin da za a bar wa duk wanda ya san lambar Wi-Fi ba ne.