Daga Kashin Doki Zuwa Wayar Lantarki

A ƙarni na 19, masu lambun gefen birnin Faris da kashin doki suke ɗumama bedin iri. Su haƙa rami, su danƙara ɗanyen kashi, su rufe da ƙasa, su kifa gilashi. Zafin ruɓewarsa ne ke sa iri ya tsiro ana tsakiyar sanyi. Da mota ta kori dawaki daga titi sai kashin ya yi wuya. Nan lantarki ya samu ƙofa. A shekarun 1920 aka fara binne waya mai zafi a ƙarƙashin bedi a Norway, inda madatsun ruwa suka sa wuta ta yi araha, daga nan ta bazu Turai da Amurka.

Iri ba ruwansa da ɗumin ɗaki, na ƙasar da yake kwance a ciki ya sani. Irin tumatir a ƙasa mai digiri 10 yakan haura kwana 40 bai fito ba. A digiri 25, kafin mako ya leƙo. Tattasai ma ya fi shi raki. To me zai sa a ɗumama gidan gilashi kacokam saboda taƙi ɗaya na ƙasa? Sai a shimfiɗa yashi, a kwantar da wayar a lanƙwashe ba tare da wani sashe ya hau wani ba, don kada ta ƙone, a sake rufewa da yashi, a soka na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai.

Tsadar iskar gas ta 2022, bayan Rasha ta auka wa Yukren, ta ƙara fito da amfanin dabarar, domin a Holan ma wasu manoma sun bar gidajen gilashinsu ba shuka a lokacin sanyi.

Amma wayar tana da nata haraji. Murabba'in mita ɗaya yakan ci wajen wat 100, wato bedi mai murabba'in mita 10 kilowat guda ke nan. Ƙasa kuma daga ƙasa take bushewa, sama na nuna danshi alhali saiwa na ƙishi. Idan ɗumi ya yi yawa kuma rana ba ta fito ba, tsiron ya zanƙale, siriri, ba ƙwari. Wayar kuma ba ta kare ganye daga jaura.

A ganina ribarta a wajen rainon iri take. Da zarar an yi dashe, kuɗin wuta ya fara cin kuɗin tumatir, kuma wayar ba ta barin taki a baya yadda kashin doki ke yi.