Mai Askin da Ya Ƙi Yarda a Binne Garinsu

Ranar 22 ga Satumba, 1978, da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana, motoci suka daina bi ta garin Seligman. Ba hatsari aka yi ba, ba kuma gada ce ta karye ba. Hukuma ce ta buɗe sabon babban titi mai suna I-40 can bayan gari, kowane direba ya karkata kan motarsa ya bi shi. Kafin wannan rana, motoci kusan 9,000 ne ke ratsa tsakiyar garin kullum. Kafin la'asar ta yi sanyi, da mutum zai shimfiɗa tabarma a kan kwalta ya kishingiɗa, da wuya ya ji hon.

Seligman ƙaramin gari ne a arewacin jihar Arizona ta Amurka, mutanensa yau ba su kai 500 ba. Jirgin ƙasa ne ya kafa shi, titi ya raya shi. Titin kuwa shi ne Route 66, wanda aka ba lamba a 1926, ya taso daga Shikago ya keta jihohi takwas, tafiyar kilomita kusan 3,900, har Kalifoniya. A wani gida da ke bakin wannan titi aka haifi Angel Delgadillo a 1927, ɗan wani mai aski da ya yi ƙaura daga Meziko. Yana yaro ya ga ayarin manoman Oklahoma da fari da guguwar ƙura suka kora daga gonakinsu, sun ɗaure katifu a saman tsofaffin motoci, sun nufi yamma neman abin sakawa a bakin salati.

Tun yana ɗan shekara shida ya fara ganin abin da sauya hanya ke jawowa. Da farko titin ta gefen layin dogo yake bi, ta gaban shagon mahaifinsa. A 1933 aka matsar da shi layi ɗaya kacal zuwa arewa, shagon ya wayi gari a bayan fage. A wannan tsohon gini Angel ya fara aski a 1950, sai a 1972 ya kwashe kujerarsa ya koma bakin sabuwar hanyar, inda masu wucewa suke. Shekara shida da komawarsa aka janye masa titin gaba ɗaya.

Duk wanda ya san garuruwanmu na bakin hanya, inda mai shayi da mai tsire da mai faci ke dogaro da tsayawar motar haya, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Gidajen mai suka rufe, masaukai suka zama kango, matasa suka watse. A 1985 kamfanin jirgin ƙasa na Santa Fe ya daina sauya ma'aikatansa a garin, kuɗin kwana da na abincin da suke kashewa suka tafi da su. A shekarar ce kuma aka soke Route 66 daga jerin titunan tarayya, aka ciccire allunansa. Abin da ya fi ba ni takaici a labarin nan shi ne, waɗanda suka ja layin sabon titin a takarda sun lissafa mintocin da direba zai rage, amma ba su sa mutanen da za a bari a baya cikin lissafi ba.

Angel bai tashi ba. Yana zaune a shago yana jiran kan da zai aske, sai ya lura da wani abu: jefi-jefi baƙi na sauka daga sabon titin da gangan, suna tambayar ina tsohuwar hanyar take, wadda iyayensu suka bi da su suna yara. Sai ya gane cewa abin da hukuma ta yar, akwai masu nemansa. Ya shiga mota ya bi garuruwan da ke kan hanyar zuwa garin Kingman ɗaya bayan ɗaya yana lallashin 'yan kasuwa. Da yawa ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Ranar 18 ga Fabrairu, 1987, mutum 15 suka amsa kiransa a wani gidan abinci na garin, suka kafa ƙungiyar kare tsohon titin ta jihar Arizona, irinta ta farko a Amurka, shi ne shugaba. Suka dinga aika wasiƙu suna naci, har a watan Nuwamba na shekarar jihar ta ayyana hanyar Seligman zuwa Kingman a matsayin titin tarihi, aka sake kafa alluna. Daga baya sauran jihohi bakwai ɗin duk suka kafa nasu ƙungiyoyin.

Yau wanda ya sauka daga I-40 a nan zai iya bin tsohuwar kwaltar tafiyar kilomita sama da 200 ba yankewa, ta Peach Springs da Hackberry da Kingman, ya hau kwane-kwanen dutse zuwa Oatman, inda jakunan da masu haƙar zinariya suka saki suka hayayyafa, jikokinsu ke yawo a tsakiyar gari. A Seligman kuwa, shagon sayar da abinci na Snow Cap da Juan, yayan Angel, ya gina a 1953 da ragowar katako yana nan yana ciniki. Manyan motocin 'yan yawon buɗe ido daga Jamus da Japan da Faransa suna tsayawa a ƙofar shagon askin. Masu shirya fim ɗin Cars na 2006 ma sun zo sun zauna da Angel, labarin ranar da motoci suka ɗauke yana cikin abin da suka gina fim ɗin a kai.

Ya ajiye almakashi a 2022 yana da shekara 95, bayan fiye da shekara 70 yana aski a garin da aka haife shi. Shagon yana hannun iyalinsa, kujerar askin kuma tana nan inda take.