Wayar Hannu Mai Ƙiyasta Tafiyar Daji

Kowane manomi a ƙasar Gumel ya san ran Alhamis kasuwar Maigatari ke ci. Ya kuma san wanda ya iso da sansa bayan rana ta take, ga dabba ta galabaita, sai yadda dillali ya yi da shi. Saboda haka mutumin Gagarawa ko na Sule Tankarkar da zai koro dabba ta hanyar daji, babbar tambayarsa ita ce, yaushe ya kamata ya tashi?

To, yanzu akwai manhaja, watau dabarar da ake sa wa wayar hannu, mai amsa wannan tambaya. Ɗaya daga cikinsu sunanta OsmAnd. Ana saukar da ita daga Play Store, sa'an nan a saukar da taswirar yankin tun ana cikin gari inda akwai intanet. Bayan haka ko a dokar daji tana aiki, gama da tauraron ɗan Adam take gane inda mutum yake. A zaɓi tafiyar ƙasa, a nuna mata inda za a, sai ta faɗi nisa da yawan awoyi.

Amma fa a lura. Asalin irin wannan lissafi na wani mai hawan duwatsu ne a Sikotilan, William Naismith, cikin 1892. Shi ya ƙiyasta mil 3, kimanin kilomita 5, a awa guda, a ƙara awa guda ga kowane hawa na ƙafa 2,000. Ƙasar Gumel kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, yashi ke cin lokaci, ga shi kuma Naismith bai taɓa kora sa zuwa kasuwa ba.

Maganin abin shi ne mutum ya gwada da kansa. Ya bi hanyar da ya sani da dabbarsa ko amalankensa, ya duba agogo, sa'an nan ya gyara saurin tafiya a cikin manhajar. Kilomita 20 awa 4 ce ga mai tafiya hannu sake. In kuwa kilomita 3 ake ci a awa, ta zama awa 6 da minti 40, ban da tsayawa shayarwa da salla.

Da damina kuma waya ba ta san inda aka yi shuka ba. Mai kora ya tambayi mutanen ƙauye burtali, kada dabba ta shiga gonar wani a kwana gaban alƙali. Matambayi ba ya ɓata.