Idan Hon ɗin Mota Ya Mutu, Kada a Fara da Kasuwa

A titunan Kano ko Kaduna, inda Adaidaita Sahu ke faɗo wa mutum gaba ba sallama, direban da hon ɗinsa ya mutu cikin zullumi yake tuƙi. Abin da yakan fara zuwa ransa shi ne ya nufi Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo sabo. Sau da yawa asarar kuɗi ce kawai, don hon ɗin lafiyarsa ƙalau, wuta ce ba ta isa gare shi.

Shi hon faifan ƙarfe ne marar kauri, a bayansa akwai naɗin waya da ke zama maganaɗisu idan wuta ta shiga. Maganaɗisun ya jawo faifan, jawowar ta raba wasu 'yan bakuna biyu da wutar ke bi, wuta ta yanke, faifan ya koma, bakunan su sake haɗuwa. Wannan kai-da-komo yakan auku sau 400 zuwa 500 cikin daƙiƙa guda, shi ne ƙarar da muke ji. Tun 1921 kamfanin Bosch na Jamus ke sayar da hon mai aiki da lantarki, kuma har yau tsarin bai sauya sosai ba. Motoci da yawa guda biyu ake sa musu, mai siririyar murya da mai kauri. Idan muryar motarka ta koma kamar ta babur, ɗayansu ne ya yi shiru.

Wutar tana tasowa daga batir, ta bi ta fiyus, ta ratsa rile, ta shiga hon, sannan ta koma ta jikin ƙarfen mota, abin da masu wayarin ke kira at. Maɓallin da ke tsakiyar sitiyari ba shi ke ɗaukar wannan nauyi ba, aikinsa kawai ya umarci rile ya buɗe hanya. Wanda ya riƙe wannan jeri a kansa, ya san inda zai bi.

Fiyus ake fara dubawa, don shi ya fi araha. Yana cikin akwatin da ke ƙarƙashin bonet ko kusa da ƙafar direba, kuma murfin akwatin yakan nuna wurinsa. Yawanci mai lamba 10 ne ko 15. In ya ƙone, a sa mai irin lambarsa daidai. In sabon ya sake ƙonewa nan take, to wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ita za a nema. Al'adar nan ta naɗa zaren waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fiyus ganganci ce tsantsa. An yi fiyus ne don ya ƙone a madadin wayoyin mota, wanda ya hana shi ƙonewa kuwa ya gayyaci gobara.

Daga nan sai rile. Ka ɗora yatsa a kansa, wani ya danna maka hon. In ka ji ya yi ƙas, saƙon sitiyari yana isowa, matsalar tana cikin rilen ko gaba da shi. Galibi akwai wani rile irinsa sak a cikin akwatin, ana iya musanya su na ɗan lokaci a gani.

Shi kansa hon a gaban lagireto yake zaune, yana shan ruwan damina, da na masu wankin mota, da ƙurar hunturu. Tsatsa takan cinye bakin wayarsa ko notin da ke riƙe shi, wanda a motoci da yawa ta nan at ɗinsa ke bi. Gogewa da samfefa kaɗai takan dawo masa da murya. Gwajin da ke raba gardama shi ne a ba shi wuta kai tsaye daga batir. In ya yi ƙara, a bar shi ya huta. In ya yi shiru, to yanzu ne tafiya kasuwa ta halatta.

Akwai kuma hon ɗin da ke maƙalewa ya yi ta ihu cikin dare. Ya fi kyau a zare wayar da ke jikinsa maimakon a cire fiyus, don a wasu tsofaffin motocin Honda fiyus ɗaya ne ke ba hon da fitilar birki wuta, cire shi zai bar ka kana taka birki na baya bai sani ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne cikin sitiyari. A bayansa akwai wata shimfiɗaɗɗiyar waya da aka naɗe cikin gwangwanin roba, tana warwarewa tana naɗewa duk sanda aka juya. Da tsufa takan tsinke. Alamarta ita ce hon ya yi aiki idan sitiyari na wani ɓangare, ya ƙi a wani, ko maɓallan rediyon da ke jikinsa su mutu tare da shi. To ta wannan waya ɗin ce jakar iskar da ke kare direba a lokacin haɗari take karɓar umarni. Sai ka ga mai wayarin ya ce, "Alhaji, bar wahalar nan, in jawo maka maɓalli a gefe." Hon ya dawo, Alhaji ya biya yana godiya, ya hau titin Zariya da jakar iskar da wataƙila ba za ta buɗe ba. Gyaran gaskiya shi ne a sauya wayar. Aikin ƙwararre ne: sai an cire kan batir an jira 'yan mintoci kafin a taɓa jakar, sai an miƙe tayoyi, an kuma daidaita sabuwar a tsakiyarta, in ba haka ba juyi na farko zai tsinke ta.

Don haka kafin ka bar gareji, murɗa makulli ka zuba wa fitilar jakar iska ido. Ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. In ta zauna a kunne, aiki bai ƙare ba. In kuwa ba ta kama ba sam, ka sa a buɗe bayan mita a duba, don akwai masu cire ƙwanta ko liƙe ta da baƙin salatif kafin su sayar da mota.