Wankin Ganganci Ke Kashe Wilin Mota Mai Walƙiya

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

Jama'a, da yawa cikin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal abincinsu a jikin mota yake. Wani direba ne, wani kuma mai gadi ne wanda maigida ya ɗora wa wankin mota kowace safiya. To, saboda su ne za mu yi maganar wilin nan mai ƙyalli kamar madubi, wanda makanikai ke kira kurom.

Waɗanda suka manyanta sun san shi a marfin ƙafar Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Tun da gwamnati ta tare a Abuja a 1991 kuwa, manyan motoci suka cika Maitama da Asokoro, kuma kuɗin wili ɗaya na irinsu yana iya cinye albashin mai wankin.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, kurom shafe ne kawai. Ana fara shimfiɗa wani ƙarfe da ake kira nikel, sannan a ɗora kurom a kai, kaurinsa ko kusa bai kai silin gashi ba. Da zarar ya karce, ruwa ya sami hanya, tsatsa ta ci ta ƙarƙashi, sai ya fara ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Duk wanda ya zaga wurin makanikai na Apo zai ga irinsu a jibge.

A nan Abuja babban abokin gaba shi ne ƙurar hunturu da jar ƙasa. Mutum ya ɗauki busasshen tsumma ya dirje, bai san da yashi yake gogewa ba. Ku da ke bakin teku kuwa, iskar gishiri ce ke cin naku ko da mota tana ajiye. Ga kuma baƙin garin da birki ke zubarwa, wanda ƙarfe ne a cikinsa.

A bari wili ya huce tukuna. A kwarara ruwa ƙura ta sauka, sannan a wanke da sabulun mota da soso mai laushi, a tsane da tsumma mai tsabta, a shafa man goge mota. Soson ƙarfe da toka da yashi, na tukunya ne. Masu ɗiga ruwan batir don ya yi haske nan take kuwa, Allah ya shirye su, mai motar ne zai biya.

Idan tsatsa ta fara ɗigo-ɗigo, a jiƙa takardar alminiyom ta naɗe abinci a goga a hankali. Amma a tambayi makaniki tukuna, domin wilin motocin yanzu da yawa alminiyom ne da aka yi wa fenti, kuma wannan gugar ɓata shi za ta yi.