Tarihin Tudun Wada a Cikin Tukunyar Mai Abinci

Tudun Wadan Zariya unguwar baƙi ce tun asali. A zamanin Turawa aka ware ta domin ’yan Arewa da ba ’yan birnin Zazzau ba, kamar yadda Sabon Gari ya tashi kusa da tashar jirgin ƙasa domin mutanen Kudu, bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912. Baƙon da ya zo neman aiki ba shi da murhu, dole ya ci a waje. Daga nan sana’ar masu abinci ta kafu, har yau kuma ’yan kasuwa da ɗaliban Jami’ar Ahmadu Bello na harabar Kongo ne ke riƙe da ita.

Abu uku ke tsara abin da ake ci a irin wannan wuri: girkin da baƙo ya saba da shi a gida, kayan da ke da araha a kasuwa, da lokacin da ma’aikaci yake da shi. Shi ya sa za ka tarar da waina da miyar taushe, ɗanwake, da shinkafa da wake da mai da yaji a layi ɗaya da teba da miyar agushi.

Dubi fate, wanda aka san ƙasar Zazzau da shi. Mai abinci takan tafasa ruwa da daddawa, albasa, attaruhu da dakakkiyar gyaɗa, ta zuba tsakin masara a hankali tana juyawa don kada ya yi gudaji. Sai ya nuna take sa alayyahu da yakuwa. In ganyen ya riga tsaki shiga, ya narke. In yakuwa ta yi yawa, tsami ya danne komai. Ba a littafi ake samun wannan ma’auni ba, a gindin murhu ’ya ke ɗaukarsa daga uwa.

Irin wannan gadon girkin baƙi ya faru a ƙasar Fanama ma. Dubban baƙaƙen fata daga Barbados da Jamaika sun je haƙa mashigin ruwan da aka buɗe a 1914, suka tafi da girkinsu na shinkafa da wake da madarar kwakwa da kifi. Jikokinsu a birnin Kolon suna sayar da shi a gidajen abinci, suna kuma alfahari da shi a matsayin gadon iyaye.

Mu ma haka ya kamata mu ɗauki namu. Tsadar gas da itace na tura masu abinci zuwa taliya da indomi, masu saurin nuna, alhali fate da waina suna son lokaci da haƙuri. Abin da masu saye ke nema shi ake ɗorawa a wuta, don haka ɗorewar wannan girki tana hannun mai ci kamar yadda take hannun mai dafawa.