3.4 Suna Ɗaya, Halittu Biyu: Kwatancen Tsutsar Teku da Fumfunar Katako

A wannan sashe za a nuna cewa haɗuwar suna ba ta tabbatar da dangantakar halittu. Bahaushen ƙasar Kazaure yakan ce "naman kaza" ga abin da ke tsirowa a jikin ruɓaɓɓen itace da damina, alhali ba nama ba ne. Haka kuma "raƙumin dawa" ba raƙumi ba ne. Irin wannan haɗuwa takan faru har a sunayen kimiyya, kamar yadda kalmar Serpula ta zama sunan halittu biyu mabambanta.

Ta fuskar rabe-rabe, Serpula vermicularis dabba ce, tsutsa mai jiki gaɓa-gaɓa, 'yar uwar tana, daga dangin Serpulidae. Tana gina wa kanta bututu na farar ƙasa a jikin duwatsu da ɓawon kifin teku, ta riƙa fito da wasu gasu masu launi tana tace abincinta daga ruwa. Ita kuwa Serpula lacrymans fumfuna ce, 'yar rukunin naman kaza, daga dangin Serpulaceae. Tana cin katakon gini har ya tsattsage ya marmashe. Linnaeus ne ya raɗa wa tsutsar sunan a 1758, Gray kuma ya tabbatar wa fumfunar shi a 1821. An bar sunayen biyu domin dokokin raɗa sunan dabbobi daban suke da na tsirrai da fumfuna.

Ta fuskar muhalli, tsutsar tana rayuwa a ruwan gishiri na arewa maso gabashin Tekun Atlantika da Bahar Rum. Fumfunar kuwa ta fi yawa a gidaje masu danshi na Turai da Japan, an kuma same ta a dazukan Himalaya. Ta fi bunƙasa a zafin da bai wuce digiri 22 ba. Ruwan dam ɗin Kazaure da tafkunan Roni ba na gishiri ba ne, zafin bazara kuma yakan kai digiri 40. Saboda haka gara ce babbar mai cin katako a wannan yanki, shi ya sa magina suka dogara ga azarar giginya.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa wajibi ne mai tattara sunayen halittu ya dubi siffa da muhalli kafin ya yanke hukunci a kan dangantaka.